A Bar Yaro Ya Taɓa Karatu Da Hannunsa

Duk wanda hanya ta bi da shi ta gindin tagar aji ɗaya a wata makarantar firamare ta gwamnati da sanyin safiya, ba sai an gaya masa abin da ake yi a ciki ba. Malami yana tsaye gaban allo da tsumagiya a hannu, yana nuna baƙi yana faɗa, yara kuwa suna amsa masa da iyakar muryarsu, har a maƙwabta ana ji. Haka za a yi ta yi har a buga ƙararrawar fita tara. Mai wucewa sai ya ce lalle karatu ya kankama. Amma da zai shiga ya kira yaro guda daga sahun baya, ya zana masa ɗaya daga cikin baƙaƙen nan a ƙasa, shi kaɗai, ba cikin jerin da aka saba rerawa ba, ya ce masa wane baƙi ne wannan, sau da yawa sai yaron ya sunkuyar da kai ya yi shiru.

Abin mamaki shi ne, wannan yaron da ya kasa, idan aka bi shi gida da la'asar, za a tarar da shi ya fere karan dawa ya haɗa mota, da ƙafafunta huɗu da ya yanko daga tsohon silifa, babu wadda ta fi wata girma. Yayarsa kuma, wadda ake cewa ba ta gane lissafi, ita ce take ɗaukar farantin gyaɗa ta zaga unguwa, ta karɓi kuɗi ta ba da canji, ta komo ta yi wa uwarta bayani babu ko kwabo da ya ɓace. Ashe ke nan ƙwaƙwalwar yaran lafiyarta lau. Bambancin da ke tsakanin safiya da la'asar shi ne, a gida hannunsu yana cikin aikin, a makaranta kuwa an ce su harɗe hannuwa a ƙirji su buɗe baki kawai.

Saboda haka lokaci ya yi da hukumomin ilmi za su daina ɗaukar wasa da aikin hannu a aji ɗaya zuwa aji uku tamkar abin cike gurbi da ake yi in malami ya gaji. Ta nan ne ɗan shekara shida yake fahimtar abu, kayan yinsu kuwa suna nan zube a kowane ƙauye, ba sa bukatar kwangila balle odar ƙasar waje.

ASARAR DA AKE YI

A shekarar 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da wani rahoto wanda ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Lissafin ya haɗa da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, amma da yawa daga cikinsu yara ne masu ɗaukar jaka kullum safiya su tafi makaranta.

A shekaru ukun farko ake yin wannan asara. Daga aji huɗu zuwa sama, kowane littafi da kowane darasi an shirya shi ne bisa zaton yaro ya riga ya iya karatu da ƙidaya. Wanda bai iya ba sai ya zauna yana kwafar abin da ke kan allo kamar mai zanen hula, ana ciyar da shi gaba shekara bayan shekara don kada ajin baya ya cushe. Ranar da mahaifinsa, manomi ko ɗan tireda, ya miƙa masa wasiƙa ko takardar asibiti ya ce karanta mini, ya kasa, ranar ce makaranta ta faɗi jarrabawa a gidan nan. Uban zai yi lissafin shekarun da ya yi yana noma ba mataimaki, ya cire yaron, ya hana ƙannensa shiga, maƙwabta kuma su ɗauki darasi. Masu kukan yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ya kamata su leƙa aji ɗaya, gama a nan ake shuka wani sashi na wannan matsala.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Wasu suna zaton koyarwa da wasa da aikin hannu wata sabuwar al'ada ce ta makarantun kuɗi. Gaskiya ne Turawa sun yi suna a kanta. Friedrich Froebel ya buɗe gidan wasan yara a Bad Blankenburg ta ƙasar Jamus a 1837, inda yara suke koyon siffofi da ƙidaya da 'yan guntayen katako. Maria Montessori kuma ta buɗe nata a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta yanka baƙaƙe da takarda mai kaushi domin yaro ya bi su da yatsa kafin ya riƙe fensir. Abin lura shi ne, da 'ya'yan matalauta ta fara.

Amma ba sai an je Turai ba. A makarantar allo, almajiri shi yake dafa tawadarsa da ƙaro, ya feƙe alƙalaminsa na gamba, ya wanke allonsa ya goge, kuma tun kafin ya iya rubutu yana bin baƙi da yatsa yana faɗar sunansa. Makarantar boko ta farko da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya kafa a Nasarawa ta Kano a 1909, tana da sashen sana'a inda ake koyar da irin su dukanci da kafinta da ƙira. A farkon shekarun 1970 kuma Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da taimakon Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohi shida na Arewa na wancan zamani. An rubuta littattafan jagora, an tura malamai masu yawo makaranta makaranta suna nuna wa 'yan'uwansu yadda ake sa yara aiki da abin da ke kewaye da su maimakon hadda tsagwaronta.

Sai ga shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E., wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi tanadin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Aka ɗebi malamai aka yi musu horon gaggawa, azuzuwa suka cika suka batse, malamin da ya ga kansa gaban taron yara ba kayan aiki sai ya koma ga abin da ya fi sauƙi, watau a faɗa a maimaita. Shiri ne mai kyakkyawar niyya, ya kuwa buɗe ƙofa ga miliyoyin 'ya'yan talakawa, amma tabon da gaggawar ta bari a hanyar koyarwa bai gama warkewa ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, a bugunta na 2004 ta tanadi cewa koyarwa a firamare ta kasance ta hanyar aikatawa da bincike da gwaji, malami guda kuma ga yara 35. A takarda dai an gama magana tuntuni.

LISSAFI DA TSINKE

Ga misalin abin da ake nufi. A ce malami yana son ya koya wa 'yan aji biyu ɗebe 17 daga 42. Yadda aka saba, zai rubuta a allo ya ce biyu ba za ta ɗebe bakwai ba, sai a yi aro a maƙwabci. Yaro zai haddace maganar, amma bai san abin da aka aro ba, bai kuma san dalilin da ɗayan da aka aro ta zama goma ba. To, a ba shi tsinken tsintsiya ko siraran kara, ya ƙirga goma-goma ya ɗaure da zare. Arba'in da biyu ta zama dami huɗu da tsinke biyu a gabansa. Aka ce ya ba abokinsa bakwai, ya duba ya ga biyu ne kawai a sake, ba sai an gaya masa ba zai kwance dami guda, ya sami goma sha biyu, ya ba da bakwai saura biyar, ya ƙara ba da dami ɗaya saura biyu. Ga 25 a ƙasa yana kallo. Wanda ya kwance damin nan da hannunsa sau goma ya san ma'anar aro har ya tsufa.

Wannan dabara ta dami da tsinke tana cikin abin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi amfani da shi wajen ceto yaran da aka bari a baya. A 2019 aka gwada irin hanyar tata a Jihar Kano, a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da 'yan aji huɗu zuwa shida, inda aka raba yara bisa ga abin da kowa ya iya, aka koma da su tushen karatu da lissafi. Aiki ne mai kyau, sai dai yana nuna wani abu: idan har sai an mayar da ɗan aji shida ga tsinke kafin ya gane lissafi, to da an ba shi tsinken tun yana aji ɗaya da an huta.

Haka marafan kwalaben lemo da ake sharewa a zubar a kowane kanti. Idan aji yana da yara 80, kowa ya kawo ashirin, an sami 1,600 cikin mako guda ba a kashe ko sisi ba. Da su za a jera sahu uku na huɗu-huɗu, yaro ya ga uku sau huɗu sha biyu ne, ya juya ya duba ta ɗaya gefen ya ga huɗu sau uku ma sha biyun ne. Da su za a raba goma sha biyar tsakanin yara huɗu, a ga kowa ya sami uku, uku sun yi saura. A kusurwar aji kuma a kafa kanti da gwangwanayen madara da kwalayen ashana da sabulu waɗanda ba kome a ciki, a yanka kuɗin takarda, wannan ya zama mai kanti wancan mai saye. A nan ne yarinyar nan mai tallar gyaɗa za ta zama gwanar aji, ta kuma gane cewa abin da take yi a unguwa shi ne ake rubutawa a allo. Wajen awo, a sa yara su auna tsawon aji da taku, su auna benci da taƙi ko kamu. Dogo zai ce taku goma, gajere ya ce sha uku, gardama ta kaure. Daga wannan gardama malami zai fito da sandar mita, kowa ya ga amfanin ma'auni guda.

BAƘAƘE NA YUMƁU

Wajen karatu, Hausa ta yi wa malami rabin aiki, domin yawancin kalmominta gaɓoɓi ne na baƙi da wasali, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. A yanka tsohon kwali gida-gida, a rubuta gaɓa ɗaya a kan kowane. Da gaɓoɓi biyar kacal, watau ka, ra, ta, sa da ma, yara za su haɗa kara, raka, tasa, sata, mata, sama, rama, tara, kama, saka da sauransu fiye da ashirin, masu wayo ma su gano masara da takara da matasa. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, a ce wadda ta fi yawan kalmomi kafin a tafa hannu ita ta ci. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba za a ga ya miƙe yana jayayya cewa tasu ta fi yawa. Ko kuma a rataya wa yara kwalayen a wuya, malami ya kira kalma, masu gaɓoɓinta su fito su tsaya a jere. In sun tsaya a juye, aji duka ya karanta abin da ya fito a yi dariya a gyara.

Ƙananan yara sukan rikita b da d, wasunsu har su kai aji uku suna yi. Sa'an nan ga baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ko manyan ma'aikata sukan yi sakaci da su, alhali kuwa su ne suka raba bata da ɓata, fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi. Maganin yana bakin rafi ko kududdufin bayan gari. A ɗebo yumɓu a kwaɓa, kowane yaro ya murza ya gina baƙin da hannunsa, ya lanƙwasa kan ƙ da yatsarsa, a shanya a rana. Gobe a zuba su cikin ƙwarya a rufe da ƙyalle, yaro ya sa hannu ya laluba, ya faɗi baƙin da ya kama kafin ya fito da shi. Inda babu yumɓu akwai rairayi: a zuba a faifai ko a fita tsakar makaranta, a yi rubutu da yatsa, a share a sake, ba a ci takarda ba, ba a ci fensir ba.

Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana su ma kayan aiki ne. Yaron da ya ji tatsuniyar Gizo, aka ce ya maimaita ta da bakinsa, ya faɗi abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya, sa'an nan ya gina Gizo da Ƙoƙi da yumɓu ya rubuta sunansu a ƙasa, ya yi darasin fahimta da na rubutu da na aikin hannu a zama ɗaya.

WASANNIN DANDALI

Ba a bukatar ƙirƙiro sababbin wasanni da yawa, gama na dandali sun isa a fara da su. 'Yar gala-gala da 'yan mata suke zanawa a ƙasa, a rubuta lamba ko gaɓa a kowane ɗaki, duk wadda ta dira sai ta faɗi abin da ta taka, in ta kuskure ta fita. A carafke ana kwasar duwatsu ɗaya-ɗaya, sa'an nan biyu-biyu, sa'an nan uku-uku, wanda shi ne tushen jadawalin sau da ake wahalar da yara da haddarsa. Dara kuwa, mai gurabu talatin, sahu biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu yana neman jera uku, tana koya wa 'yan aji uku haƙuri da hangen abin da abokin karawa zai yi kafin ya yi. Dattawan da ke buga ta a gindin bishiya ba su taɓa kiranta darasi ba, amma mai lura ya san aikin ƙwaƙwalwa ne.

YADDA AKA KASHE AIKIN HANNU

Akwai darasin aikin hannu a jadawalin makarantu tun da daɗewa, sai dai kowa ya san abin da ya zama a wurare da yawa. Ƙarshen zango ya zo, a ce kowane yaro ya kawo aikin hannunsa. Uwa ta ba shi kuɗi ya sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa ya kai, a ba shi maki. A wasu wuraren ma an taƙaita wahala, kuɗin ake karɓa, wanda ya fi bayarwa ya fi maki. Yaro ɗan shekara bakwai ya koyi cewa ana sayen sakamako, tun bai iya rubuta sunansa ba. Wannan ɗabi'a ta fi rashin darasin muni, kuma hedimastan da ya bari ana yinta a makarantarsa ya cancanci a tuhume shi.

Aikin hannu na gaskiya a cikin aji ake yinsa, a gaban malami. Saƙar kaba, tufkar igiyar rama, ginin 'yar tukunya, haɗa keji ko mota da kara, ɗinkin 'yar tsana da ƙyallayen da tela ya zubar, duk suna ƙarfafa 'yan yatsun da za su riƙe fensir, suna kuma koya wa yaro ya fara abu ya kai shi ƙarshe. Launi ma ba sai an saya ba: zoɓo yana ba da ja, gangamau rawaya, gawayi baƙi, ga farar ƙasa da jar ƙasa, ƙaro ko kokon rogo kuma su yi aikin gam. A kowane gari akwai maginiya da masaƙi da mai ɗinkin faifai waɗanda za su yi murna in makaranta ta gayyace su su nuna wa jikokinsu sana'a na sa'a guda.

Masu raina wannan su dubi bayan takardar Naira 20. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya a wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, a 1954, aka nuna aikinta a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Uzuri na farko shi ne yawan yara. Malami zai ce masu wannan magana ba su taɓa tsayawa gaban yara ɗari a ɗaki guda ba. Yana da gaskiya, kuma babu dabarar da za ta ɗauke wa gwamnati nauyin gina azuzuwa da ɗaukar malamai. Amma a aji mai yara ɗari ne hadda ta fi yin ɓarna, domin muryar goma na gaba ita ke rufe shirun tamanin na baya. In aka raba su goma-goma a inuwar bishiya, kowace ƙungiya da shugabanta da tarin marafanta, malami yana zagawa, a cikin minti ashirin zai ga wanda ya iya da wanda bai iya ba, abin da ba zai gani ba a wata guda yana tsaye gaban allo.

Na biyu, iyaye. Wani uban in ya ga ɗansa ya komo da yumɓu a riga zai ce karatu na aike ka ko wasa. Irin wannan uba gani yake so, gani kuwa ya kori ji. A kira iyaye sau ɗaya a zango, a sa yaro ya ɗauki kwalaye ya haɗa sunan mahaifinsa a gabansa ya karanta. Daga ranar nan uban da kansa zai riƙa tara masa kwali.

Na uku ya fi nauyi, domin gaskiya ne ba kowane wasa ne yake koyarwa ba. Malamin da ya saki yara suna guje-guje shi kuwa yana hira a ofis bai yi kome ba sai cin amana. Kowane wasa sai ya kasance da abin da ake nufi da shi, malami ya san yau gaɓa kaza ko lamba kaza yake so ta zauna, kuma a ƙare da rubuta abin a allo da cikin littafi, domin a ƙulla abin da hannu ya taɓa da abin da ido zai karanta. Sai kuma a kiyaye lafiya. Kada a ba ƙananan yara reza ko wuƙa. Malami ko manyan ɗalibai su yi yankan tun da wuri. Kada a yi ƙidaya da 'ya'yan zurma ko na bini-da-zugu ko idon zakara, ko da yake suna da kyaun gani, gama dafi ne da su, yaro kuwa ba ya rabuwa da kai abu baki. 'Ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino sun wadatar, su ma a sa ido kada a cusa a hanci ko kunne.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004 wadda ta keɓe masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, an ga sababbin gine-gine da fenti a makarantu da yawa. Gini abin so ne, amma abin da ake bukata a nan ya fi gini araha.

Kwalejojin ilmi su mayar da haɗa kayan koyarwa sharaɗin cin gwajin koyarwa, kamar yadda tsofaffin malaman da suka fito daga kwalejojin horon malamai na da suke ba da labari, lokacin da ɗalibi ba ya shiga aji sai da abin da ya yanka ko ya gina da hannunsa. Hukumomin ilmi na jiha da na ƙananan hukumomi su daina tura malamin da ya fi rauni aji ɗaya kamar horo. Gwani ya kamata a kai can, a kuma biya shi albashinsa a kan kari, don malamin da ke bin bashin wata uku ba zai kwana yana yanka kwali ba. Masu duba makarantu su rage dogara ga littafin shirin darasi da rajista, su riƙa kiran yara biyar daga sahun baya suna gwada su, su kuma tambayi malami ina kayan da yaransa suka yi. Kwamitin iyaye da malamai ya sama wa kowane aji akwati mai kwaɗo, ko da na kwano ne, inda za a adana kayan daga awaki da ruwan sama. A kuma hana karɓar kuɗi ko kayan kasuwa da sunan aikin hannu, hani mai hukunci.

Ɗaliban manyan makarantu da ke komawa gida hutu su ma suna da rabo a ciki. Kowannensu yana da ƙane ko ƙanwa a aji ɗaya ko biyu. Kwali guda da almakashi da rabin sa'a bayan la'asar sun isa a gane ko yaron yana karatu ko rerawa kawai yake yi, sun kuma isa a fara gyara. Ma'aikacin da ke rattaba hannu a kan takardun ilmi a hedikwata, shi ma ya ɗauki rana guda ya je makarantar ƙauyensu ba da sanarwa ba, ya zauna a benci na baya.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da aka rubuta sunansu a aji ɗaya bana ba za su jira a gama taro da kafa kwamiti ba, nan da shekara uku sun wuce wurin. Karan dawa kuwa yana nan a gona bayan girbi, yumɓu yana bakin rafi, marafan kwalba suna kan bola. Allah ya ba masu iko da malamai niyyar sunkuyawa su ɗauka.